Lamba Huɗu

Lemata tana bakin titin Aboabo,
tsakanin mai wake da shinkafa da mai gyaran takalmi.
Teburi, benci, wayoyi uku masu tsagaggiyar fuska,
da littafin da rana ta cinye bangonsa.
Sunana Sahadatu, amma Banki suke kirana,
bankin da ke naɗe kayansa in hadari ya haɗo.

Kowace Alhamis Baba Salifu yakan zo
daga rumfar goro, ganye maƙale a hannun rigarsa.
Sidi ɗari biyu zuwa Bawku, wajen Lamisi,
sittin zuwa wata lamba da bai taɓa faɗin mai ita ba.
Waya ba ta iya rufa asiri:
sunan yakan fito, ni kuwa in kau da kai.

Ya taɓa shiga babban banki a Adum,
ya ce sanyin ɗakin har cikin haƙori.
Suka ce ya ɗora yatsa a kan gilashi.
Ya ɗora, ya goge a riga, ya sake ɗorawa.
Shekara arba'in yana wanke goro,
ruwa ya tafi da zanen yatsan.
Na'ura ta ce ba ta ga kowa ba.
Ya gyara hularsa. "Ni ma ban gan ta ba."

Da can, in ji shi, a lalita ake ɗaure kuɗi,
ka kwana a kansu daga Kumasi har Salaga,
su bar maka shaida a ƙugu.
"Yanzu fa, 'yata, dukiyata ba ta kai nauyin ƙwayar goro ba.
Ta yi ƙit a aljihu, wai ta iso."

Bara idonsa ya fara hazo.
Wata rana ya sunkuyo, da ƙamshin turarensa,
ya raɗa mini lamba huɗu.
Na ce, "Baba, wannan ba a faɗa wa kowa."
Ya ce, "To, ke kowa ce?"

Ran Talata ya cika, bayan la'asar.
Aka kai shi Tafo.
Da aka yi uku sai ga Awudu, babban ɗansa,
wayar a tafin hannu, roba ɗaure da murfinta.
Ya gwada shekarar haihuwa, ya gwada lambar rumfa,
yana tsoron na gaba ya kulle ta.
"An ce in kai takardu ofis,
in bi layi, in dawo, in sake dawowa.
Ke fa, ba ki san komai ba?"

Torotoro ya wuce yana kiran Kejetia.
Mai wake ta tsaya da ludayi a sama.
Lamba huɗu na kwance a ƙarƙashin harshena
kamar ɓarin goron da ban tauna ba.

In na furta, kafin magariba ya kwashe,
Lamisi ko kuɗin mota ba ta da shi.
In na haɗiye, shi ma maraya ne,
bashin likkafani ya koro shi rana.

Na ce, "Kira ƙanwarka, kira limamin unguwa,
ku zauna a bencin nan, kowa ya ji.
Da raɗa aka ba ni,
amma ba da raɗa zan bayar ba."

Ya daɗe yana kallon littafina.
Ya tafi ba sallama.

Yau Alhamis.
Na cire sittin daga ribata,
na tura wa lambar nan. Sunan ya fito,
wannan karon na karanta shi.
Ko rufe littafi ban yi ba, waya ta ɗauki ƙara.
Har yanzu tana yi.
Mai takalmi ya ce, "Banki, ana kiranki."
Na ji.
Ina neman kalmar da zan fara da ita.